Koren gari a jikin tsohuwar tagulla: a goge ko a bari?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum. Ina tara tsofaffin kayan ado na tagulla, kuma akwai wata fitila da ke damuna. Jikinta duk ya yi duhu, ruwan ƙasa, wannan bai dame ni ba. Amma a gindinta akwai ɗigo-ɗigo kore mai haske kamar gari, in an share da tsumma sai ya dawo bayan 'yan makonni. An ce in jiƙa ta a ruwan kal da gishiri ta yi ƙyalli. Masana, me kuka gani?

Mai_Gaci:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka kusanto da gishiri wurin fitilar nan, domin shi ne asalin ciwon.

Kore iri biyu ne. Akwai mai duhu, mai santsi, wanda ya manne ko farce ba ya ɗaga shi. Wannan rigar tsufa ce, tana kare ƙarfen, kuma ita masu saye ke dubawa kafin komai. Ka goge ta, ka zubar da darajar kayan. Akwai kuma mai haske, mai laushi, mai zuba kamar alli. Naka ke nan. Sinadarin kuloraid, wanda ke cikin gishiri da gumin hannu da ƙasar da kaya ya daɗe a binne, shi ke haɗuwa da jan ƙarfen da ke cikin tagulla. Da ya samu danshi da iska sai ya haifar da asid, asid ya ci ƙarfe, a sake samun sabon kuloraid, haka zai yi ta zagayawa. Shi ya sa sharewa ba ta kashe shi. Ka kankare wuri ɗaya da tsinke, za ka tarar da ƙaramin rami a ƙasansa.

Yau ɗin nan ka raba ta da sauran kayanka. Ka sa ta a robar da ke rufuwa gam, tare da ƙunshin silika mai shanye danshi. In laimar iska ta sauka ƙasa da kashi 40 cikin 100, cin yakan tsaya.

Hajiya_Adana:
Gaskiya ne. In ƙara da yadda ake magani. Da farko a cire garin da tsinken katako da buroshi mai laushi, ban da allura ko wayar goge tukunya. Sai a auna giram 25 na bekin soda da giram 25 na sodar wanki, a narkar a lita ɗaya ta tataccen ruwa, wato wanda ake kira distilled water. Ruwan famfo ba zai yi ba, yana ɗauke da kuloraid. In a wurin masu batir za ka saya, ka tabbata tataccen ruwa aka ba ka, ba mai asid ba.

A nutsar da kayan gaba ɗaya, a riƙa canza ruwan duk mako. Zai riƙa yin shuɗi-shuɗi, kuma aikin kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Inda ake yin kuskure shi ne gaggawa: a cire da wuri, a shafe da kaki, a rufe kuloraid a ciki, ya ci gaba da ɓarna ba a gani. Bayan an gama a ɗauraye sau da yawa da tataccen ruwa, a tsoma a sifirit ya janye ragowar ruwan daga ramukan, a bar shi ya bushe sarai. A sa masa ido wata guda kafin a shafa komai.

Jiƙon yana iya sauya launin rigar tsufar, don haka in fitilar mai daraja ce sosai, a kai wa ƙwararren mai adana kayan tarihi.

Sabon_Shiga:
Na gode ƙwarai. To Brasso fa, ko a inda koren bai taɓa ba?

Dattijon_Kaya:
Ɗana, ajiye shi. Man gogewa irin wannan yana cin saman ƙarfe kaɗan-kaɗan, zane ya dushe, farin saura kuma ya maƙale a lunguna. Ga amoniya a ciki, wadda kan tsattsaga siririyar tagullar da aka buga da guduma. Ruwan kal kuwa yana zuƙe tutiya daga saman tagulla, ya bar jan tabo.

Amma kafin jiƙon da Hajiya ta faɗa, ka kara mata maganaɗisu. Tagulla ba ta kama shi. In ya manne, baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufin tagulla, kuma makonni a ruwa tsatsa za su jawo. Haka in akwai katako ko fata a jiki, sai an kwance su.

In komai ya lafa, a shafa kaki irin Renaissance Wax, shafi ɗaya siriri, ya bushe a murza da tsumman auduga. Ban da man zaitun da sauran mai, suna tsami su ƙara wani koren. Ka riƙa ɗaukarta da safar hannu, kuma ka duba gindin duk wata, musamman lokacin da iska ke da laima.