Ina son in bar rediyo in koma koyar da kasuwancin waƙa, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na yi shekara 9 ina kula da harkokin mawaƙa a wani situdiyo da ke Zoo Road a Kano, tun zamanin da muke kai faifai Ƙofar Wambai mu zauna a benci muna jiran dillali ya yi ciniki, har masu tura waƙa a waya suka durƙusar da kasuwar. Daga nan na koma wani gidan rediyo ina haɗa rahotannin nishaɗi, yau shekara 6, albashi kuwa sai a yi wata biyu ba a gan shi ba. Ina son in ajiye aikin in buɗe ajin koyar da matasa rubuta yarjejeniya da karɓar kuɗin waƙa ta intanet, amma difloma kaɗai gare ni, kuma maiɗakina ba ta amince ba.

Tsohon dillali: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka kuskura. Yaron da yake sayar wa furodusa waƙarsa ɗungurungum domin ya biya haya, da me zai biya ka kuɗin darasi? Ni har gobe akwai mawaƙin da ya riƙe mini kuɗin faifai, idan mun haɗu a wurin biki sai ya kau da kai.

Malamar kwaleji: Malam, ka riƙe aikinka ka nemi digiri a Buɗaɗɗiyar Jami'a, domin da wuya makaranta ta ɗauke ka da difloma. Amma ana buƙatar ilimin, tunda mawaƙa da yawa ba su san an sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023 ba, balle su san haƙƙin waƙa yana kai shekara 70 bayan rasuwar marubucinta.

Mai situdiyo: Ka fara kyauta a YouTube, idan ka tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin shekara, za ka iya neman a fara biyanka.

Tsohon dillali: Wa zai ɓata datarsa yana sauraron karatun yarjejeniya? Na faɗa maka, ka zauna inda Allah ya ajiye ka.

Mai tambaya: Alhaji, ba ka fahimce ni ba. Da hannuna na miƙa wa wani yaro biro ya sa hannu a takardar da ta raba shi da waƙarsa har abada, abin bai bar raina ba. Digiri kuwa, Malama, shekaruna sun ja, kuma na riga na ba da kafin alƙalami na shagon da zan buɗe ajin a ciki.

Malamar kwaleji: To, maiɗakin taka ta san ka ba da kuɗin?