Muhawara: Shin Ƙonewar Gidan Futuro na Frisco Asara Ce?

Injiniya: Assalamu alaikum, jama'a. Zan kawo wata magana da na san ba kowa ne zai yarda da ita ba. A daren 19 ga Oktoba 2022 gobara ta cinye wani gida mai siffar faifai biyu da aka kifa ɗaya a kan ɗaya, wanda ya daɗe a gefen babbar hanya mai lamba 12 a ƙauyen Frisco, cikin tsibirin Hatteras na jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Irin gidan nan ne da ake kira Futuro, wanda wani mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Finlan, Matti Suuronen, ya fito da shi a 1968. Tun daga ranar masu sha'awar irin waɗannan gine-gine suke ta jimami, suna cewa an yi asarar wani yanki na tarihi, suna kuma nanata cewa tsadar man fetur ta 1973 ce ta hana Futuro cin kasuwa. A ganina duka maganganun biyu akwai son zuciya a cikinsu. Futuro bai taɓa zama gidan zama na kirki ba, masu saye sun juya masa baya tun kafin mai ya yi tsada, kuma abin da ya ƙone a Frisco ya daɗe da tashi daga gida ya koma abin da matafiya ke tsayawa su ɗauki hoto a gabansa.

Malama: Wa alaikumus salam, Injiniya. Kafin a yanke wa gidan hukunci ya kamata a tuna aikin da aka sa shi. A 1965 wani abokin Suuronen ya roƙe shi ya zana masa ɗan ɗakin da zai riƙa sauka in ya je wasan zamiya a kan ƙanƙara, da sharaɗin ya yi saurin ɗumama kuma a iya kafa shi a kan tudu mai duwatsu ba tare da an share fili ba. Abin da ya fito shi ne ƙwarya mai faɗin mita 8 da tsayin mita 4, an yi ta da roba mai zaren gilashi, wadda masu sana'a ke kira faiba, an cusa mata soso a tsakiya don kada zafi ya fita. Gutsure 16 ne ake haɗawa da noti, a ɗora a kan zoben ƙarfe mai ƙafa huɗu, kuma jirgi mai saukar ungulu yana iya ɗaukar ta a haɗe ya sauke a inda mota ba ta zuwa. Na'urar ɗumama ɗakin tana ɗaga zafinsa daga digiri 29 ƙasa da sifili zuwa digiri 15 cikin minti 30. Wanda ya ba da aikin ya sami abin da ya nema. In daga baya 'yan kasuwa suka tallata shi a matsayin gidan iyali, laifin nasu ne, kada a bar jaki a doki taiki.

Injiniya: Malama, na karɓi wannan, amma hujjarki ni take taimaka wa. Kamfanin Polykem da ya ƙera shi ai ba ɗaki ɗaya ya yi niyyar sayarwa ba. An kai shi baje koli a Landan a 1968, an sayar da lasisin ƙera shi a ƙasashe da dama, an buɗe kamfani a Filadelfiya don kasuwar Amurka, kuma duk wannan ya zo daidai lokacin da duniya ta haukace da sararin samaniya, domin a Yulin 1969 ne aka sauka a duniyar wata, shi kuwa gidan kamar jirgin dodannin sararin samaniya yake. Ba a taɓa samun lokacin da ya fi wannan dacewa da shi ba. Duk da haka, jimillar waɗanda aka ƙera a duniya ba su kai 100 ba. Shekara biyar ke nan cur kafin Larabawa su rufe famfon mai a Oktoban 1973.

Alhaji: Ni dai na goyi bayan Injiniya, kuma da idon wanda ya yi shekaru yana gina wa mutane gidaje nake magana. Mai gida ba ya tambayarka ko gini ya yi kama da jirgi, tambayarsa ita ce ina zai jingina kabad, ina gadon yara zai shiga, in iyali sun ƙaru ta wane gefe za a ƙara ɗaki. Futuro ba shi da amsar ko ɗaya. Bangonsa ya lanƙwashe ta sama da ta ƙasa, saboda haka kujerunsa da gadajensa sai waɗanda aka ƙera musamman dominsa. Ƙofarsa kuwa saukowa take yi ta zama matakala irin ta ƙaramin jirgin sama, to a gaya mini yadda tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta riƙa hawa da sauka sau goma a rana. Ba mamaki bankunan Amurka suka yi ta nauyin jiki wajen ba da rance a kansa, wasu garuruwa kuma dokokinsu na tsara gari suka hana a kafa shi. Ko a Finlan ɗin ma, da aka kafa na farko a bakin tafkin Puulavesi, mutanen yankin sun yi ta ƙorafi cewa ya ɓata musu kyan wurin.

Ɗalibi: Baba Alhaji, a yi mini afuwa, amma ɗaki mai da'ira ai ba baƙon abu ba ne, kakanninmu sun rayu a kago sun kuma jera jere a ciki.

Alhaji: Yaro, bangon kago a tsaye yake daga ƙasa har inda jinka ta fara, shi ya sa ake iya jingina gado da tukwane. In kuma aka yi sabuwar amarya sai a gina wani kagon a gefe da ƙasar da ke bayan gida. Shi wannan sai ka aika wa kamfani a wata ƙasa.

Ɗalibi: Na ji, Baba, kuma gaskiya ne shi kansa Suuronen ya koma ga siffa mai kusurwa a 1971 da ya fito da wani gidan mai suna Venturo, wanda aka yi amfani da shi a matsayin shago da ofishin gidan mai. Sai dai ina ganin Injiniya ya rage wa tsadar mai nauyinta. Gangar ɗanyen mai ta tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni, kuɗin roba ya ninka sau uku, alhali hujjar gidan gaba ɗaya ita ce roba abu ne mai araha da za a iya zubawa a ma'auni a fitar da dubbai. Sabon abu yana buƙatar lokaci kafin a gyara kurakuransa kuma ido ya saba da shi. Futuro bai sami wannan lokacin ba. Ana iya cewa maras lafiya ne tun farko, amma wannan ba ya nufin ba tsadar man ce ta ƙarasa shi ba.

Malama: Ni kuma ina so in dawo da mu Frisco, domin can ne maganar Injiniya ta fi rauni. Wannan gidan an kafa shi ne a 1972 a bakin teku a ƙauyen Hatteras, wasu ma'aurata daga birnin Baltimo suka saya don hutu. Daga baya aka ɗauke shi daga wurin, ya yi zaman ofishin wata ƙaramar jarida, ya yi zaman shagon sayar da burodi da nama, kafin ya ƙare a gefen hanya an shafe shi da fenti ruwan azurfa, an jera fuskokin dodannin sararin samaniya a tagoginsa masu siffar ƙwai, mai kula da shi kuma yakan sa koren kaya irin na dodannin ya fito ya gaisa da yara. Injiniya ya ɗauki wannan a matsayin ƙasƙanci. Ni kuwa abin da na gani shi ne gini guda da ya yi sana'o'i huɗu cikin shekara 50 a tsibirin da ƙasa kanta ba ta zama wuri ɗaya.

A duba fa irin wurin. Hatteras tudun yashi ne siriri tsakanin Tekun Atlantika da wani babban tafkin ruwan gishiri, kuma teku tana cin gaɓarsa kowace shekara. A 2003 mahaukaciyar guguwar Isabel ta tsaga tsibirin daidai tsakanin Frisco da ƙauyen Hatteras, ta yanke hanya mai lamba 12 har sai da aka cike ramin da yashi. A Satumban 2019 guguwar Dorian ta sauka a nan. A ƙauyen Rodanthe da ke arewa, gidajen katako masu kusurwa huɗu, masu wurin jingina kabad irin waɗanda Alhaji ke so, sun fara faɗawa cikin teku ɗaya bayan ɗaya tun 2020, har guda biyu suka faɗi a rana ɗaya a watan Mayun 2022. Gidan da ake kwancewa a ɗauke, wanda iska ke zamewa ta jikinsa ba ta sami bangon da za ta tura ba, shi ne ya yi rabin ƙarni a wurin. Ɗan'uwansa da ke bakin teku a Pensakola ta jihar Florida ma ya tsallake guguwar Ivan a 2004. To ta wace fuska ya gaza?

Injiniya: Ta fuskar da ta kashe shi, Malama. Ginin bulo in ya yi gobara bango yana saura a sake rufi. Shi wannan dare ɗaya ya isa.

Mai Gyaran Tanki: A nan zan sa baki, Yallabai, tunda faiba ita ce abincina. Gaskiyarka ce, ruwan robar da ake jiƙa zaren gilashin da shi daga man fetur yake, sosan da ke tsakiya ma haka. In wuta ta kama shi baƙin hayaƙi ne mai kauri yake tashi, robar ta cinye, abin da ke saura shi ne zaren gilashin a kwance kamar tsohuwar tabarmar da ruwa ya daka, ka taɓa shi ya yi ta sukar hannunka kwana biyu. Amma akwai abin da ba ku ambata ba. Faiba ba ta tsatsa kuma gara ba ta cin ta, sai dai rana tana cin fatarta a hankali. Na sha shafa tsohon tanki hannuna ya fito fari fat kamar na taɓa alli, kuma daga nan ne ƙananan tsaga ke farawa, ruwa ya shiga, sosan ciki ya jiƙe. Mu da ke wannan aiki ba mu cika samun abin da ya yi shekara 50 a cikin rana da iskar gishiri mu duba yadda ya tsufa ba. Wanda ya ƙone ɗin irin wannan ne. Ni a wurina littafi ne ya ƙone.

Alhaji: Littafin da ake sayar da burodi a cikinsa.

Malama: Alhaji, ai manyan gidajen tarihi ba su raina shi ba. Samfurin farko mai lamba 000 yana hannun gidan adana kayan fasaha na Boijmans Van Beuningen a Rotadam ta ƙasar Holan. Mai lamba 001, wato wanda aka yi wa ƙorafi a bakin tafki, an gyara shi yana cibiyar baje koli ta WeeGee a birnin Espoo na Finlan. Akwai wani a Munik ta Jamus. Wani mai fasaha ɗan Ingila, Craig Barnes, ya sayo ɗaya daga Afirka ta Kudu, ya kwance shi ya kai Ingila ya gyara, har aka ɗora shi a kan rufin makarantar Central Saint Martins a Landan. Waɗanda suka rage a duniya sittin da 'yan kai ne, saboda haka duk ɗaya da ya tafi ana jin giɓinsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kilomita kaɗan daga inda ya ƙone akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Hatteras, wadda aka gina da bulo a 1870. Da teku ta matso ta, a 1999 gwamnati ta kashe kusan dala miliyan 12 ta tura ta a kan dogo tazarar mita 880 zuwa cikin tudu. An ceci mai nauyin tan dubu huɗu da ɗoriya, shi kuwa wanda babbar mota ɗaya za ta ɗauka aka bar shi a gefen titi.

Injiniya: Hasumiyar ta yi fiye da shekara ɗari tana tsare rayukan matuƙa jirgi a gaɓar da ta yi ƙaurin suna wajen cinye jiragen ruwa, kuma guda ɗaya ce tak. Ba na jin adalci ne a auna su a sikeli ɗaya. Kuma jerin da kika kawo ya nuna cewa wanda ke son ganin Futuro yadda aka ƙera shi, da kujerunsa da murhunsa na tsakiya, yana da inda zai je. Na janye rabin maganata game da tsadar mai, domin Ɗalibi ya kawo hujja, kuma ban yi tunanin abin da mai gyaran tanki ya faɗa ba. Amma har yanzu ina kan cewa ba a yi asarar gidan zama ba.

Ɗalibi: Yallabai, waɗanda ke Rotadam da Espoo an kankare su, an cike tsagarsu, an sake musu fenti, ana lallaɓa su kamar ƙwai. Suna nuna abin da Suuronen ya zana a 1968. Na Frisco shi ne ke nuna abin da mutane suka yi da zanen bayan ya bar hannunsa.

Mai Gyaran Tanki: Kuma ko da wani ya ce zai sake kafa irinsa a wurin, sai dai ya nemi ɗaya daga cikin sittin ɗin ya saya da tsada, ko ya sa a zuba masa sabo. Sabon kuwa fatarsa za ta fito sumul tana sheƙi, sai ta sha rana da gishiri har zuwa 2070 da wani abu kafin ta kai inda waccan ta kai.