Wane suna za mu raɗa wa oktofus da ɗan'uwansa sikwid?

Malamin makaranta, Nima:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kalma nake nema. Akwai dabbar nan ta teku da Turawa ke kira oktofus, mai hannaye takwas, wadda ake soyawa ana talla a bakin teku da kan hanyar Cape Coast. Ina so in yi wa yaranmu na makarantar dare bayaninta da Hausa. Na tambayi manhajar fassara, ta ce mini "dorinar ruwa". Wannan kam ban karɓa ba. Dorina ai mun san ta, ga ta can a Wechiau, da ƙafafunta huɗu, da fatar da ake yin bulala. Yaron da ka gaya wa ana ƙulla dorina a leda ana barbaɗa mata yaji, me zai ɗauka?

Ga kamanninta ga wanda bai taɓa gani ba. Ba ta da ƙashi ko ɗaya, abu mai tauri a jikinta sai baki irin na aku, a tsakiyar hannayen. Duk ramin da bakin nan ya shiga, sauran jikin zai bi. Zuciyarta uku. Jininta shuɗi ne, domin tagulla ke ɗaukar iska a cikinsa, mu kuwa ƙarfe. In an tsorata ta sai ta feso baƙin ruwa ta gudu, kuma tana sauya launi nan take.

Direban trotro, Ashaiman:
Malam, ka hutar da kanka. Mun ari mota, mun ari rediyo, mun ari asibiti, me ya same mu? Oktofus kawai. Ai tun 2010 babu wanda bai san sunan ba a Accra. Ka manta Paul, oktofus ɗin nan na garin Oberhausen a Jamus, mai duban wasannin gasar ƙwallon ƙafa ta cin kofin duniya? A sauke masa akwati biyu, kowanne da tuta da abinci, wanda ya buɗe shi zai ci wasa. Ya zaɓi Jamus a kanmu, Özil ya zura mana ɗaya. Wasa takwas ya faɗa a gasar, bai kuskure ko ɗaya ba. Ni har yau ban yafe masa ba.

Malamin makaranta, Nima:
Yaya, mota da rediyo baƙi ne suka zo da su tare da sunansu. Wannan kuwa tana cikin ruwan Jamestown tun kafin a kafa Sabon Zongo. Kakanninmu da suka ga dabba mai dogon wuya a daji ba su je aro ba, cewa suka yi raƙumin dawa. Mai zane-zane kuma suka ce jakin dawa. Sunan Turawan ma ba wani abin kirki ba ne, "ƙafa takwas" yake nufi da Girkanci.

Hajiya mai kifi, Mamobi:
'Ya'yana, kafin ku raɗa suna ku san jaririn tukuna. Abin da kuke ci a leda kuna cewa oktofus, sau da yawa ba shi ba ne. Iri uku ne suke zuwa mana daga Tema. Na farko shi ne wanda Malam ya faɗa, kansa kamar jaka, hannu takwas, kowanne da 'yan faifai jere masu kama abu. Ko ya mutu, in ka taɓa sai ka ji sun ɗan manne maka a yatsa. Na biyu dogo ne siriri, da fiffike a wutsiya, hannu takwas da ƙarin dogaye biyu. In ka ja kan, hanjin ya fito, sai ka sa yatsa ciki ka zaro wani abu siriri garai-garai, ka rantse roba ce. Na uku mai faɗi ne, shi ma hannu goma, a bayansa akwai farin ƙashi marar nauyi, wanda kuke tsinta a yashin bakin teku, masu kiwon tsuntsu suna sa wa a keji.

Duk ukun suna da jakar baƙin ruwa. In wuƙa ta huda ta, ruwan kwanon gaba ɗaya ya koma baƙi ƙirin, farcenka ya kwana da shi. Ni in abokin ciniki Bahaushe ne, "kifin tawada" nake ce masa, kuma yana ganewa.

Ɗalibar kimiyya, Legon:
Hajiya, Allah Ya ƙara girma, bayaninki ya fi na littafi. Jamusawa ma kifin tawada suke cewa da harshensu. Sai dai a aji zai ba Malam matsala, domin ba kifi ba ne. Danginsa su ne dodon koɗi da wuri, irin wanda aka yi kuɗi da shi a da. Kakanninsa suna da ƙwanso, shi ya yar da nasa. Abin robar nan da kike zarowa da farin ƙashin, ragowar ƙwanson ne ya koma ciki. Kada kuma a ce "na ruwa", a ce "na teku". Ba a samun ko ɗayansu a ruwan daɗi, babu a tafkin Volta, babu a Bosomtwe.

Malamin allo, Sabon Zongo:
'Yata ta yi gaskiya, kuma kalmar kifi tana da nauyi a fiƙihu. Mu Malikawa duk abin da ke rayuwa a teku halal ne a wurinmu, Hanafawa kuwa kifi kaɗai suka halatta. Ashe in ka kira abu kifi alhali ba kifi ba ne, ka shigar da wani cikin ruɗu. Game da aro, Larabawa ma arowa suka yi, akhɗabuɗ suke cewa. To amma wace tsohuwa ce a Zongo za ta iya furta wannan?

Kawu, Aboabo, Kumasi:
Mu nan teku ta yi mana nisa, amma a ba ni dama. Kuna ta ƙirga hannaye kuna duba tawada, ba ku tambayi halinsa ba. Bahaushe yakan duba hali in zai sa suna. Wane ne mai ƙafa takwas, ga wayo, ga kwaɗayi, ga iya sulalewa in an ritsa shi? Gizo ne. Maƙwabtanmu Asantawa suna da nasu, Ananse, saboda haka yaron Kumasi da na Accra duk sun san shi ta fuska biyu. Ni dai na ce gizon teku.

Ɗalibar kimiyya, Legon:
Kawu, wayon kam akwai shi. Yana da ƙwayoyin jijiya wajen miliyan 500, kuma kusan kashi biyu cikin uku a hannaye suke, ba a kai ba. Kowane hannu yana ɗanɗana abin da ya taɓa, yana kuma yin wasu ayyukan ba tare da jiran umarni ba. Yana buɗe murfin kwalba. A 2016 wani mai suna Inky ya tsere daga gidan adana halittun ruwa na garin Napier a New Zealand: ya fita ta 'yar kafa a saman tankinsa da dare, ya ja jiki a ƙasa, ya bi bututun magudana har teku. A Indonesiya an ga masu ɗaukar ɓawon kwakwa suna yawo da shi, in haɗari ya zo su shige ciki su rufe.

Inda nake da ja shi ne, akwai wata halitta daban a teku, mai siraran ƙafafu, da masana ke kira da sunan gizo-gizo. Kada a haɗa su.

Kawu, Aboabo, Kumasi:
'Yata, ai ban ce gizo-gizo ba. Gizo-gizo shi ne mai saƙa a kusurwar ɗaki, ki ba waccan halittar wannan sunan. Ni Gizo na ce, mijin Ƙoƙi, na tatsuniya.

Direban trotro, Ashaiman:
In haka ne na janye. Wanda ya zauna a Jamus ya ci abincin banza da sunan duba, Gizo ne ba shakka. Macen kuma sai mu ce Ƙoƙin teku?

Ɗalibar kimiyya, Legon:
Yaya, ka bar macen nan, ba ta cancanci tsokana ba. In ta yi ƙwai sai ta daina cin abinci, ta zauna tana gadinsu tana hura musu ruwa har su ƙyanƙyashe, daga nan ta mutu. A zurfin tekun California an bi wata da ta yi wata 53 a kan ƙwanta. Yawancinsu kuwa shekara ɗaya ko biyu ce rayuwarsu duka.

Malamin allo, Sabon Zongo:
Allahu Akbar. To ga nawa game da dogon, wanda ake kira sikwid. Kun san a gidajen abinci na Osu kalamari suke rubuta shi. Asalin kalmar daga kalamos ne, wato karan rubutu da Girkanci, saboda abin nan siriri da Hajiya ke zarowa da kuma tawadar. Daga wannan kalamos ɗin Larabci ya sami ƙalam, mu kuma muka sami alƙalami. Sunan yana gidanmu tuntuni. A ce alƙalamin teku.

Malamin makaranta, Nima:
Malam, Allah Ya saka da alheri, wannan ya zauna daram. Ga abin da zan rubuta a allo: oktofus gizon teku, sikwid alƙalamin teku, dangin gaba ɗaya kuma 'yan tawada, don kada kalmar Hajiya ta faɗi ƙasa banza. Gizo namiji ne, saboda haka "ya" za mu riƙa cewa, ko da yake mu 'yan Zongo ba mu cika damuwa da "ya" da "ta" ba. Saura mai faɗin nan mai farin ƙashi. Na yi tunanin hawainiyar teku, tunda shi ma gwanin sauya launi ne.

Ɗalibar kimiyya, Legon:
Duk ukun suna sauyawa, Malam, saboda haka sunan bai ware shi ba. Kuma hawainiya tana ɗaukar lokaci, su kuwa cikin ƙiftawar ido ne.

Hajiya mai kifi, Mamobi:
Wannan ku dakata sai kun riƙe shi a hannu. Ɗana, ka turo yaro ranar Asabar da roba mai murfi, in ba shi ɗaya-ɗaya na kowane iri ka nuna wa ɗalibanka, su ma a ji ta bakinsu. Kada ka turo ranar Talata, masunta ba sa fita. Ka ce masa kuma kada ya sa farar riga.