Bindiga ce ke cin gasa ko hannun da ya riƙe ta?

Abban Hanif: Slm jama'a. Ni fa na gama yanke hukunci, duk wannan kashe kuɗin da ake yi wajen kayan harbin gasa ɓarna ce kawai. Ku dubi Yusuf Dikeç ɗan Turkiyya a Olamfik na Paris 2024, mutum ya zo da riga mai gajeren hannu, hannu ɗaya a aljihu, ba wani gilashi na musamman ba komai, ya ɗauki lambar azurfa a harbin fistol (ƙaramar bindigar hannu) ɗin iska na mita 10 yana ɗan shekara 51. To me ya rage kuma? Wanda ya iya ya iya, kaya ado ne.

Ummu Sultan: Wslm. Abban Hanif kai hoton ka gani baka kalli wasan ba ko? hannu a aljihu ai kusan kowa haka yake yi a wannan gasar, tunda doka ta ce da hannu ɗaya ake harbi, ɗayan kuma sai ka nema masa wurin da ba zai riƙa motsi ba, wasu aljihu wasu bel. Kuma yana sanye da tabarau na gani, da abin toshe kunne ƙanana. Sannan azurfar nan ta haɗaka ce, shi da Şevval İlayda Tarhan, zinaren kuma 'yan Sabiya ne suka ɗauka, Zorana Arunović da Damir Mikec, 16 da 14.

Abban Hanif: Hajiya ko ma dai yaya ne bai saka wannan ƙarfen da ake rufe ido ɗaya da shi ba

Ummu Sultan: Eh bai saka ba, amma abin da ke hannunsa fa? Bindigar da ake zuwa Olamfik da ita ba irin ta wasan yara bace, akwai tukunyar iska a ƙarƙashin bututun, mariƙin an sassaƙa shi daidai tafin mai ita, kunamar kuma ana saita nauyinta har ta kusa giram 500 wanda shine mafi ƙarancin da ISSF, hukumar wasan harbi ta duniya, ta yarda da shi. Zoben maki goma da ke tsakiyar abin da ake harbi faɗinsa milimita 11.5 ne kacal kuma a gasar mutum ɗaya harbi 60 zaka yi kafin ma ka shiga zagayen ƙarshe. Je ka gwada da bindigar da kunamarta ke da tauri kaga inda zasu riƙa sauka. A dai gasar nan ta Paris Kim Ye-ji ta Koriya ta Kudu ta saka gilashin da kake rainawa ita ma ta ci azurfa, kenan hujjarka ta kashe kanta, ɗaya ya saka ɗaya bai saka ba duk azurfa.

Auta: 😂 Anti ta gama da kai yaya

Abban Hanif: Auta shiga taitayinka. Ai abin da ta faɗa ma ni ya taimaka, in da gilashi da babu gilashi duk sakamako ɗaya to gilashin bai yi komai ba kenan

Baffa: A'a ɗana, ba haka lissafin yake ba. Idon wani ba idon wani bane. Shi wannan gilashin yana da ɗan rami da ake ƙara masa faɗi ko a rage domin abin saiti na gaba ya fito tar, ɗaya ɓangaren kuma ya tare idon da baka amfani da shi ba sai ka runtse shi ba, don runtse ido na sama da awa guda gajiya ce. Wanda idonsa bai buƙata sai ya bari. Shi Dikeç tun Beijin 2008 yake zuwa Olamfik, ya san abin da ya dace da shi.

Mai Lissafi: Ni dai ku bar maganar Olamfik, can kam an ɗaure kowa da doka ɗaya, ba madubin hange ba jan ɗigo (abin saiti mai batir da ke nuna ɗigo ja), nauyin bindiga kar ya wuce kilo 1.5, to bambancin kaya dole ya zama kaɗan. Ku zo IPSC, ƙungiyar duniya ta wani salon gasar harbi, inda ake gudu ana harbi ana canja magazin, nan ne maganar Abban Hanif zata sha wuya. Tun da aka kafa ta a 1976 a Columbia ta jihar Missouri a Amurka, Jeff Cooper na shugaban farko, abu uku suka ce ana aunawa, saiti da ƙarfi da sauri. Ƙarfin nan ba na damtsenka bane, na harsashinka ne, shi ake rabawa meja (babba) da maino (ƙarami). Kenan kaya yana cikin makin tun daga tushe.

Auta: Malam yi mana dalla dalla don Allah, ni wannan meja da maino ɗin har yau ruɗa ni yake

Mai Lissafi: Sauƙi ne da shi. Ka ɗauki nauyin kan harsashi a giren (ma'aunin nauyin da ake auna harsashi da shi), ka ninka da gudunsa, wato ƙafa nawa yake ci a daƙiƙa ɗaya, ka raba da 1000. Abin da ya fito shine fawa fakto ɗinka, wato makin ƙarfin harsashinka. 125 zuwa sama maino ne. Meja kuma a IPSC 160 ne a rukunin Open, 170 a Standard, su kuma USPSA, ƙungiyar irin wannan harbin ta Amurka, 165 suke amfani da shi. Yanzu ga inda abin yake, kwalin da ake harbi an raba shi gida A da C da D, in ka samu tsakiya wato A maki 5 ne ko meja ko maino, amma C meja 4 maino 3, D kuma meja 2 maino 1. Daga nan sai a raba makinka da daƙiƙun da ka ɓata. Misali harbi 12, ka samu A takwas C huɗu cikin daƙiƙa 10, mai maino 52 ya samu wato 5.2, mai meja 56 wato 5.6. Hannu ɗaya, ramuka iri ɗaya a jikin kwali, lokaci ɗaya, amma harsashi ya raba su. Abban Hanif ina jiran amsa.

Abban Hanif: To ai ka bani amsar da kanka malam. Mai maino ɗin ya ƙara daƙiƙa ɗaya ya nutsu ya zuba duka 12 a A, 60 a raba da 11 nawa kenan? 5.45, ya kusa kamo shi ba tare da ya sayi komai ba. Kuma kar ka manta mai meja bindigarsa ta fi dukan hannu, .40 mai giren 180 a gudun 950 ba wasa bane, in bai iya riƙo ba harbi na biyu sama zai tafi

Mai Lissafi: Ya kusa kamo shi, bai kamo shi ba 😁

Tsohon Alƙali: Ku bari in saka baki. Ku biyun kuna mantawa da cewa ba'a haɗa kowa a kwando ɗaya, shi yasa aka yi rukuni rukuni. Mai Open da bindigarsa mai jan ɗigo da kwamfanseta (ƙarfen da ke rage tashin baki) a baki da magazin mai tsawon milimita 170 ba da mai Production yake takara ba. A Production na IPSC kowa maino ake lissafa masa ko da me ya harba, harsashi 15 a magazin, kuma sai bindigar da ke cikin jerin da hukumar ta amince. A Standard kuma dole bindigar da magazin a jikinta ta shiga akwati mai milimita 225 da 150 da 45. To rarraba rukunin nan kansa shaida ce cewa kaya na da tasiri, in da ba shi da shi da ba'a wahalar da kai ba. Amma da zarar ka shiga rukuninka, kowa kayansa kusan ɗaya, sai a koma kan waye ya fi atisaye.

Ummu Sultan: Yauwa yallaɓai. Kuma tarihi ma ya nuna, 1990 Jerry Barnhart ya ci gasar ƙasa ta USPSA da jan ɗigo a kan bindigarsa, a shekarar dai Doug Koenig ya ci ta duniya a Adelaide ta Ostireliya shima da shi, cikin ɗan lokaci manyan 'yan Open suka koma kansa. In ado ne me yasa suka bi?

Abban Hanif: To ni ma ga nawa tarihin. Bob Vogel ya ci Production na duniya a 2011 a tsibirin Rhodes na Girka da Glock 17, bindigar roba da 'yan sanda ke ratayawa a ƙugu, alhali ga masu CZ da Tanfoglio na ƙarfe zalla a filin. Wannan fa?

Baffa: Wannan kam gaskiya ne ba mai ja. Sai dai ka tambayi kanka harsashi nawa mutumin ya ƙona kafin ranar. Kuma in ka leƙa layin Production yanzu CZ Shadow 2 zaka fi gani tun da ta fito a 2016, nauyinta ya haura kilo 1.3, kusan ninkin Glock 17, nauyin nan shi ke shanye dukan sai bakin ya dawo kan saiti da wuri. Mutane ba wawaye bane ɗana, araha bata ado.

Abban Hanif: Baffa da girmanka amma nauyin nan ma yana da illa, wajen zarowa daga kube da juyawa daga wannan kwali zuwa wancan mai nauyi sai ta wuce inda kake so ka tsaya in baka saba ba. Kuma harbin farko a Shadow kunama doguwa ce mai nauyi, na biyu kuma gajere, sabon shiga sai ya yi wata da watanni yana fama da wannan bambancin, Glock kuwa ja ɗaya ne daga farko har ƙarshe

Baffa: Wata nawa ne a rayuwar mai harbi? Ana sabawa.

Auta: Ni tambayata a kan harsashi ce, naji ana cewa mai giren 147 ya fi mai 115 laushin duka a 9mm, ya za'ai mai nauyi ya fi laushi?

Mai Lissafi: Saboda fawa fakto ɗaya kuke nema. Mai giren 115 sai ya yi gudun 1087 kafin ya taɓa 125, mai 124 kusan 1010, mai 147 kuwa 851 ya ishe shi. Mai nauyin albarushi kaɗan yake buƙata, ƙara kaɗan, iskar da ke fita a baki kaɗan, sai kaji kamar tura ka ya yi a hankali, shi kuma 115 kamar fizga. Amma ba kowa ke son 147 ba fa, wasu cewa suke silaid ɗin, wato saman bindigar da ke ja baya ya dawo, yana jan jiki wajen komawa har suna jiran shi, shi yasa da yawa suka tsaya a 124. A Open kuma abin juyewa yake, can so ake iskar ta yi yawa don ita ke sa kwamfanseta ya danne bakin ƙasa, sai su ɗauki kai mara nauyi da albarushi mai yawa.

Tsohon Alƙali: Auta ka riƙe wannan da kyau, kar ka kuskura ka tsaya a bakin 125 cif. 147 sau 850 a raba da 1000 nawa ne? 124.95. Ka faɗi kenan, kuma wanda bai kai 125 ba zai iya ci gaba da harbi amma ba maki ko ɗaya, duk gasar ta tafi a banza. A wurin awo ana karɓar harsashi 8 daga hannunka, a cire kan ɗaya a ɗora a sikeli, a harba 3 ta na'urar auna gudu da bindigarka a ɗauki matsakaici, sauran na ƙarin gwaji ne in baka kai ba. Gudun kuma yana canjawa da sanyi ko zafi da tsawon bututu, abin da aka rubuta a kwalin kamfani da wata bindigar aka auna ba taka ba. Na sha ganin mutum ya zo da kaya masu ƙyalli, bel da kube duk na yayi, ya faɗi a teburin awo saboda yana neman laushi ya rage albarushi fiye da kima. Masu hankali 130 zuwa 135 suke nema su huta.

Abban Hanif: Kun gani ko! kayan tsada basu cece shi ba

Ummu Sultan: Haba Abban Hanif, ai harsashin ma kaya ne 😂 kayan ne suka kada shi

Tsohon Alƙali: Ni abin da nake gaya wa sababbi kullum, kayan da zasu hana ka faɗuwa daban, kayan da zasu ƙara maka ɗan kashi daban. Na farko ba'a wasa da su, bindigar da bata cijewa, magazin huɗu ko biyar masu faɗowa da kansu in ka danna, kube mai ƙarfi da ya rufe kunama gaba ɗaya, bel da baya lanƙwasa, tabarau na kariya da abin kunne. Cijewa ɗaya tana cin daƙiƙa uku huɗu, a filin da ake gamawa cikin 12 ka lissafa asarar. Kube mara kyau kuma ya saki bindiga mai harsashi ta faɗi ƙasa an kore ka daga gasar nan take, ba roƙo ba bayani. Amma canja sifirin, goge kunama, sayen bindiga ta biyu don kaga zakara na riƙe da irinta, wannan sai ka kai inda kai da na gabanka kashi biyu ko uku ne tsakaninku. Wanda ke samun rabin makin zakara ba bindiga ce matsalarsa ba, tafiyarsa tsakanin wuraren harbi da jan kunamarsa ne, kuma wannan atisaye ba harsashi a ɗaki yana gyara shi, bayan ka tabbatar bindigar fanko ce ka fitar da harsasai daga ɗakin.

Mai Lissafi: Yallaɓai na yarda da rabi. Jan ɗigo ban saka shi a kayan ƙari ba, musamman ga wanda ya haura 45 ido ya fara gajiya da ganin kusa, abin saiti na gaba ya zama dishi dishi. Irin wannan ka kai shi Production Optics, rukunin da aka yarda da jan ɗigo, ka gani, mutum ne daban. Kuma ko yaro ne ɗigon yana nuna masa duk rawar da hannunsa ke yi lokacin jan kunama, ya fi saurin koyo.

Baffa: Ni kake nufi da 45 ɗin nan ko

Mai Lissafi: Wane ni Baffa 🙏

Abban Hanif: Ɗigon da batir zai mutu maka a tsakiyar fili, ko ka zaro ka ɗaga ka neme shi ka rasa kana ta juya hannu agogo na tafiya. Ni dai ina nan kan bakata, ku bani Vogel da Glock ku ɗauki Auta da bindigar Open mafi tsada a duniya mu gani

Auta: Yaya me nayi maka kuma 😭

Ummu Sultan: Ba haka ake gwaji ba, Vogel da Glock zaka haɗa da Vogel da bindigar Open a fili ɗaya, sannan ka faɗa mana wa zai ci

Abban Hanif: Wannan kuma rukuni biyu ne Hajiya, alƙali ya riga ya ce ba'a haɗawa

Auta: To ni yanzu 124 zan saya ko 147, ba wanda ya bani amsa

Tsohon Alƙali: Sayi kwali ɗaya na kowanne, ka harba su ta na'urar awo da bindigarka, ka turo mana lambobin.