Lema ko giwa, ina jam'iyyar talaka a Ghana?

Tela Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau sai na amayar da abin da ke cikina. Tun da na isa jefa ƙuri'a lema, alamar jam'iyyar NDC, nake dangwala wa, don an ce mana ita ce ta ma'aikata da masu ƙaramin ƙarfi. To ina bambancin? Gwamnatin Mahama na NDC ta farko ta je wurin IMF, asusun ba da lamuni na duniya, a 2015. Ta Akufo-Addo na NPP mai alamar giwa ta koma a 2023, ta karɓo bashin dala biliyan 3. Kowa ya je, a aljihunmu ake tsuke bakin. Lokacin dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, na zauna gaban keken ɗinki babu wuta, kayan Sallah jibge a kan benci, ina ba mutane haƙuri. Zakaran jam'iyyar CPP da Nkrumah ya kafa a 1949 ya daina cara, tun zaɓen 2016 ba su da kujera ko ɗaya a majalisa. Wanda yake son gwamnati ta gina masana'antu, ta riƙe wuta da ruwa da asibiti don talaka, wa zai zaɓa? Biyun nan suna shigowa Zango da shinkafa da atamfa, in an gama zaɓe su ɗauke mu kamar baƙi.

Hajiya Mai Wake: Wa alaikumus salam. Ƙanina, goge kalmar nan. Su waye baƙi? A Kumasi aka binne cibiyata, a nan aka binne kakata. Ba na son ji ko da wasa.

Tela Ɗan Aboabo: Yaya Hajiya, cewa na yi su ne suke ɗaukarmu haka.

Hajiya Mai Wake: Da bakinka ka faɗa, yara suna karantawa.

Kawu na Alabar: Ku da ba ku ga 1969 ba ne kuke wasa da ita. A watan Nuwamba gwamnatin Busia ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasa cikin mako biyu. Na ga maƙwabtanmu suna sayar da gado da tukwane a kan kuɗin da bai kai ya kawo ba, ana loda su a manyan motoci, yara na kuka a kan ƙunshin kaya. Wasunsu a layinmu aka haife su. Wane gida ne ya haifi NPP in ba na Busia da Danquah ba? Shi ya sa ko an kawo mini giwa da zinariya a wuya ba zan taɓa ta ba.

Ɗan Giwa: Kawu, da girmanka, kullum 1969. Ka manta 1957? Nkrumah ɗin da Tela yake yabo shi ya kori Alhaji Amadu Baba, jagoran Zangon Kumasi, zuwa Najeriya, don kawai ba ya tare da CPP. Wa ya fara kiranmu baƙi ke nan?

Kawu na Alabar: Ɗana, wancan rikicin manya ne, mutum ɗaya ko biyu. Kar ka haɗa shi da korar dubbai.

Ɗan Giwa: Kora kora ce. Kuma giwa ce ta ba mu Aliu Mahama mataimakin shugaban ƙasa shekara 8, ta ba mu Bawumia, ta kafa Asusun Raya Zango a 2017. Kun ƙi Bawumia, Musulmi ɗan'uwanku, a zaɓen shugaban ƙasa na 2024, yanzu kuna kuka.

Hajiya Mai Wake: Asusun nan me ya yi mana? Kwatar da ke bayan gidanmu har yau ruwa ɗaya in aka yi sai ta shigo mana tsakar gida. Kuma kar ka sako addini. Ba liman muka je zaɓa ba. Shekarar 2022 kana ina, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100? Buhun shinkafa safe da kuɗinsa, yamma da kuɗinsa, ga harajin E-levy a kan kuɗin waya.

Malamin Tafo: Jama'a, kun bar maganar Tela a baya, kuma tambayarsa tana da nauyi. NDC tana kiran kanta jam'iyyar walwalar jama'a, amma Rawlings ne ya shiga shirin IMF a 1983, kuma a zamaninsa aka sayar da kamfanonin gwamnati da yawa. NPP da ake ce wa ta 'yan kasuwa ita ta kawo inshorar lafiya a 2003 da sakandare kyauta a 2017. Ni abin yana damuna ƙwarai. Tsarin namu ma, wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓa shi ke kwashe kujera, ƙaramar jam'iyya ko ta samu dubbai a faɗin ƙasa sai ta tashi a tutar babu. Shi ya sa mai son CPP yake tsoron ɓata ƙuri'arsa.

Ɗan Giwa: Na gode Malam, ka yarda giwa ta yi aiki.

Malamin Tafo: Ba abin da na zo faɗa ba ke nan.

Uwar 'Yan Biyu: Ni dai Tela bai yi ƙarya ba. Na kai ɗana wani ofishi neman takarda, da aka ga sunansa sai aka ce ya faɗi garin kakansa. Ya ce Asawase, nan cikin Kumasi. Aka ce a'a, garinku na asali. Yaron ya fito bai ce mini komai ba har muka hau trotro, motar haya. In wannan ba baƙunci ba ne, mene ne?

Hajiya Mai Wake: Wannan jahilcin ma'aikaci ɗaya ne. Mu bai kamata mu taya shi faɗa ba.

Ɗan Giwa: Hajiya, ke da aka gani da atamfa mai lema turmi biyu ranar gangami, dole ki kare su.

Hajiya Mai Wake: Da kuɗina na saya a Kejetia! Kai wa ya saya maka babur ɗin da kake yawo da shi? Mara kunya, sa'ar uwarka ce ni.

Kawu na Alabar: Ɗan Giwa, ka ba ta haƙuri yanzu.

Ɗan Giwa: Hajiya ki yi haƙuri. Amma babur bashi na ci.

Shugaban Zaure: To, ya isa haka. Ga abin da na fahimta: zaure ya yarda mu 'yan ƙasa ne, kalmar Tela ba ta dace ba. An kuma tuna mana wanda ya kori iyayenmu a 1969, wannan babu mai musu. Wahalar 2022 kowa ya sha ta, kuma gwamnatin Mahama ta biyu ta soke E-levy a 2025, ga ɗan majalisarmu na Asawase, Muntaka Mubarak, an ba shi ministan cikin gida. A ba su lokaci. An rufe maganar.

Ɗan Giwa: Ina 1957 a cikin taƙaitawarka, Shugaba?

Tela Ɗan Aboabo: Ni ban tambayi wa ya kori wa ba. Na ce wa zan zaɓa in ba na son IMF. Malam, don Allah zan kira ka bayan Isha'i.