Shin ƙananan halittu na iya rayuwa a sararin samaniya?

Ɗalibi, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum, malamai. An koya mana cewa babu iskar shaƙa a sararin samaniya, ga tsananin zafi da sanyi, ga hasken rana mai ƙuna. To, yaya aka yi wasu ƙananan halittu suka fita can kuma suka dawo da ransu?

Malamin kimiyya, Daura:
Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da ka ji gaskiya ne, sai dai waɗannan halittu ba sa ci kuma ba sa hayayyafa a can, bushewa suke yi su kwanta, kamar irin gero a rumbu yana jiran damina. A 1984 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba tauraron ɗan'adam mai suna LDEF ɗauke da busassun ƙwayoyin bakteriyar Bacillus subtilis, ba a ɗauko shi ba sai 1990, kuma da yawa daga waɗanda aka kare daga rana sun farfaɗo. Waɗanda rana ta haska kai tsaye kuwa kusan duk sun mutu, domin hasken ultrabayolet, wanda lemar ozon take tace mana a nan ƙasa, yana kakkarya DNA ɗinsu, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta. A ganina wannan hasken ya fi rashin iska illa.

Malama mai nazarin halittu, Katsina:
Allah ya saka wa Malam da alheri. Zan ƙara da gwajin Tanpopo na masanan Japan, waɗanda suka ajiye dunƙulen bakteriyar Deinococcus radiodurans a jikin tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa daga waje, tun 2015 har 2018. Dunƙulen da kaurinsa ya kai rabin milimita ya jure shekara 3, saboda na saman sun mutu sun zama garkuwa ga na ciki, su kuma na cikin suka ɗinke DNA ɗinsu bayan sun samu ruwa da abinci.

Ɗalibi, Ƙofar Marusa:
Na gode, Malama. Ke nan za su iya kaiwa duniyar Mas?

Malama mai nazarin halittu, Katsina:
Kada mu yi gaggawa, ƙanena. Tashar tana da nisan kimanin kilomita 400 ne kacal daga ƙasa, maganaɗisun duniyarmu kuma yana tare mata wani kaso na miyagun haskoki, kariyar da babu ita a hanyar Mas. Duk da haka masana ba sa sakaci: kafin a harba kumbunan Viking zuwa Mas a 1975, sai da aka gasa na'urorin da za su sauka a can a zafin da ya haura digiri 110, don kada bakteriyarmu ta bi su ta rikita binciken.