Gangrene: "ruɓewa" za mu rubuta ko "mutuwar nama"?

Ma'aikaciyar jinya, Sakkwato:
Assalamu alaikum. Ana shirya takardar faɗakarwa kan kula da ƙafa ga masu ciwon suga, sai aka tsaya a kalmar gangrene. Wasu sun ce a sa "ruɓewa". Muna son kalmar da tsohuwa daga Wamakko ko Boɗinga za ta gane in an karanta mata.

Likitan fiɗa:
Wa'alaikumus salam, Malama. "Ruɓewa" rabin abin kawai ta ɗauko, domin iri biyu ne. In hanyar jini ta toshe, yatsa yakan yi sanyi, ya yi baƙi, ya motse kamar busasshen dabino, ba ruwa ba wari. Mai shi ba zai taɓa cewa ya ruɓe ba, sai ya zauna gida yana shafa mai yana jiran sauƙi. Na biyu shi ne wanda ƙwayoyin cuta suka shiga: kumburi, ruwa, ɗoyi, zazzaɓi, suga ya ƙi sauka. Wannan yakan haura cikin kwana 1 ko 2, in ya shiga jini kuma rai ake magana. Shawarata a ce "mutuwar nama", a raba ta: busasshiya da mai ruɓa.

Malamin Hausa:
Na gamsu, Likita. Sai dai a ambaton farko a rubuta "mutuwar naman jiki", daga nan a gajarta. Kuma don Allah a guji "daji". Mutanenmu na kiran duk gyambon da ya ƙi warkewa da haka, kuma da zarar an faɗa, ba asibiti ake nufa ba.

Ma'aikacin lafiya na karkara:
Ranka ya daɗe, ga wani cikas. Marasa lafiya sukan ce "ƙafata ta mutu" alhali jini na gudana, ji ne kawai ya ɗauke. Wannan lalacewar jijiyar ji ce, kuma daga nan yawancin gyambon ke farawa. Mutum ya taka simintin harabar masallaci a zafin Afrilu, tafin ya sale bai sani ba. Ko ya miƙa ƙafa ga kaskon wuta da hunturu, ko mai yankan farce ya fere masa kanta da reza. Akan gwada jin ƙafar da siririn zare mai lanƙwasawa in an danna shi da nauyin giram 10, a dangwala shi a tafin babban yatsa da tudun tafin ƙafa, ido a rufe. Wanda bai ji ba, ƙafarsa na cikin haɗari tun ba rauni. Kada takardar ta haɗa wannan da mutuwar nama a suna ɗaya.

Malamin Hausa:
To a kira wannan "ɗaukewar ji a ƙafa". Matsalar daga "jijiya" take, tana nufin ta jini da ta ji duka, sai a riƙa fayyacewa.

Likitan fiɗa:
Haka nake so. Ina ƙara roƙo kan "yanke ƙafa". Ita ce ke sa dangi su sa hannu su ɗauke majinyaci, su dawo bayan mako biyu abin ya wuce gwiwa. Sau da yawa aikin kankare mataccen nama ne, ko cire yatsa ɗaya, ko gaban tafin. In ta kai ga ƙafa, ana ƙoƙarin yankewa ƙasa da gwiwa, saboda mai gwiwa ya fi saurin sabawa da ƙafar roba kuma bai gajiya kamar wanda aka yanke wa a cinya. A riƙa faɗin gurbin da za a yanke a kowane lokaci.

Ma'aikaciyar jinya:
Na gode, iyayen gida. Mun tsaya kan "mutuwar nama", busasshiya da mai ruɓa, da "ɗaukewar ji a ƙafa". A ƙarƙashinsu za mu rubuta: a duba tafi da tsakanin yatsu kullum, a tsane su bayan alwala, a zazzage takalmi kafin a sa, kada a yi tafiya ba takalmi ko a tsakar gida, kuma yatsan da ya canza launi a kai shi asibiti ranar, ko bai yi wari ba.